Lokacin da 30 da 40 Suka Ƙi Ba da 70: Nazarin Wani Darasin Fiziks a Babbar Sakandare

A zangon farko na shekarar karatu, a makarantar jeka-ka-dawo da nake koyar da fiziks, na ba ɗaliban aji biyu na babbar sakandare ɗan gwaji mai tambaya biyu kacal, bayan mun shafe mako guda muna karanta yadda ake lissafin ƙarfi biyu da suke aiki a kan abu ɗaya. Tambaya ta farko ta ce ƙarfi biyu, ɗaya niyuton 30 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), ɗayan niyuton 40, suna jan abu guda, kuma kusurwar da ke tsakaninsu digiri 90 ce, sai a nemo ƙarfi ɗaya tilo wanda zai yi aikin da su biyun suke yi. Tambaya ta biyu ba ta sauya komai ba sai kusurwar, wadda ta koma digiri 60. Wannan ƙarfi tilo mai wakiltar sauran shi zan riƙa kira ƙarfin gamayya a cikin wannan rubutu.

Da na zauna duba takardun, sai na ga amsoshin sun rabu gida uku. Mafi yawan ɗaliban sun rubuta niyuton 70 a tambayoyin biyu, wato sun tara 30 da 40 kamar yadda ake tara kuɗi. Rukuni na biyu sun samu tambayar farko daidai, domin sun tuna ƙa'idar Fitagoras, suka ninka 30 da kansa ya ba su 900, suka ninka 40 da kansa ya ba su 1600, suka tara ya zama 2500, wanda tushensa, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi, 50 ne. Amma da suka iso tambaya ta biyu sai suka sake rubuta 50, kamar sauyin kusurwar bai shafi komai ba. Rukuni na uku, waɗanda su ne 'yan kaɗan kuma su ne suka fi ƙwazo a ajin, sun yi amfani da ƙa'idar kos, sai dai wasunsu sun samu niyuton 36.1, ɗalibi guda kuma ya samu 14.6. Amsar gaskiya ita ce niyuton 60.8. Babu ko mutum ɗaya da ya faɗi inda ƙarfin gamayyar ya dosa, alhali tambayar ba ta cika amsuwa ba sai da wannan.

Ban mayar musu da takardun washegari ba. Na ware lokacin tara na kwana biyu, na riƙa kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya daga kowane rukuni, ina roƙonsu su faɗa mini da bakinsu, da Hausa, abin da suka yi tunani kafin su rubuta amsa. Wata ɗaliba daga cikin masu 70 ta ce, "Malam, kai ka ce a haɗa su, ni kuma na haɗa." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ta faɗa. Duk lokacin da na bar Turanci na koma Hausa don in ƙara musu bayani, kalmar da take zuwa bakina ita ce "haɗa", ita kuwa a kunnen yaron da ya yi shekara goma yana lissafi ma'anarta ɗaya ce da tarawa. Duk abin da ya taɓa lissafawa a rayuwarsa, naira ne ko mudun hatsi ko litar mai, adadi ne da ba shi da gabas ba shi da yamma, don haka mudu 30 da mudu 40 kullum mudu 70 ne ko ta wace ƙofa aka shigo da su. Ƙarfi shi ne abu na farko da ya ci karo da shi wanda adadinsa kaɗai bai isa ya bayyana shi ba sai an faɗi alƙiblarsa. Na riga na rubuta musu a allo cewa ƙarfi bekta ne, sun kuma haddace cewa bekta tana da girma da alƙibla, har suna rera shi tare idan na tambaya, amma haddar ba ta sauka zuwa inda ake yanke shawarar abin da za a yi da lambobin ba.

'Yan rukuni na biyu matsalarsu ta fi ɓuya, shi ya sa na fi jin tsoronta. Sun fahimci cewa akwai wani lissafi na musamman da ake yi idan an ga kalmar ƙarfi, sai suka ɗauki Fitagoras a matsayin wannan lissafi, ba tare da sanin cewa ƙa'idar tana aiki ne kawai idan kusurwar digiri 90 ce ba. Da tambayar farko kaɗai na ba su, da na ba su cikakken maki na wuce, ina zaton sun gane. 'Yan rukuni na uku kuwa alamar lissafi ce ta kayar da su. A darasin lissafi sun koyi ƙa'idar kos ta alwatika wadda take ɗauke da alamar ragewa, a darasin fiziks kuma na ba su R² = P² + Q² + 2PQ cos θ mai alamar tarawa, inda P da Q su ne ƙarfin biyu, θ kusurwar da ke tsakaninsu, R kuma ƙarfin gamayya, sai suka gauraya biyun, suka rage 1200, wato 2PQ cos 60, daga 2500 maimakon su ƙara, suka samu 1300, wanda tushensa 36.1 ne. Wanda ya samu 14.6 ya rubuta ƙa'idar daidai, amma kalkuletarsa tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa dabam da digiri, don haka da ya danna cos 60 sai ta ba shi kusan −0.95 maimakon 0.5, shi kuma ya karɓa bai yi gardama ba.

A nan ne na ga inda laifina yake. Abin da ya haɗa rukunonin uku shi ne babu wanda yake da hanyar duba amsarsa ya ce wannan ba za ta yiwu ba. Wanda ya san a jikinsa cewa mutum biyu da suka karkata wuri ɗaya suna ja sun fi ƙarfin waɗanda suka ware, ba zai yarda kusurwar 60 ta ba da amsar da ta gaza ta kusurwar 90 ba. Ni kuwa na soma darasin ne daga ƙarshensa: na rubuta ƙa'ida, na yi misali uku a allo, na ba da aikin gida, saboda manhajar zangon tana da tsawo kuma ina hangen daidaiton ƙarfi da jifan abu a sama suna jira a gaba. Na yanke shawarar in sadaukar da darasi uku in sake ginin daga tushe, ko da hakan zai jinkirta mu.

A darasi na farko ban shiga aji da alli ba. Na fito da su ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin ajin, na sa aka cika bokiti da ruwa kimanin lita 10, wanda nauyinsa ya kai kilogiram 10, wato kusan niyuton 100 idan an ɗauki fizgar ƙasa a matsayin mita 10 a daƙiƙa a kowace daƙiƙa, kamar yadda tambayoyin WAEC da NECO suka saba cewa a ɗauka. Na ɗaure tsakiyar wata doguwar igiya a marikin bokitin, na ba ɗalibai biyu bakinta ɗaya ɗaya, na ce su tsaya kafaɗa da kafaɗa su ɗaga. Suka ɗaga cikin sauƙi. Na ce kowanne ya ja da baya taku ɗaya, sannan biyu, sannan uku, amma kada bokitin ya taɓa ƙasa. Tun a taku na biyu fuskokinsu suka sauya, a na uku kuwa ɗayansu ya ce, "Malam, wallahi ƙara nauyi yake yi." Na tambayi sauran ko wani ya ga an ƙara ruwa, suka ce a'a. Daga nan na kira samari huɗu mafiya ƙarfi a ajin, biyu a kowane gefe, na ce su ja har igiyar ta miƙe ɗoɗar ba lanƙwasa ko kaɗan a tsakiya. Suka yi iya yinsu, ƙafafunsu na zamewa a yashi, amma igiyar ba ta miƙe ba, kullum akwai ɗan lotsawa a inda bokitin yake.

Ban yi musu bayani a nan take ba, na tambaye su ne inda suka taɓa ganin irin wannan, amsoshin kuwa suka yi ta zuwa. Wani ya kawo igiyar shanya wadda take lotsawa da zarar an rataya jiƙaƙƙen zane, komai tamke ta da aka yi. Wani ya kawo wayar lantarki tsakanin turaku biyu. Wani ɗan manomi ya ce shi ya sa ake haɗa shanun huɗa a karkiya ɗaya su fuskanci gaba tare, domin idan ɗaya ya fanɗare gefe garmar ba ta tafiya yadda ake so, kuma shanun sun fi wahala. Na ga ashe ilimin da nake nema yana nan tare da su tun daga gida, abin da ya rage kawai shi ne a ba shi lamba.

Darasi na biyu a ɗakin gwaji muka yi shi. Sikelin sifirin da muke da su ƙanana ne, ba su wuce niyuton 10 ba, don haka muka bar bokiti muka ɗauki ƙarfen awo mai giram 500, wanda nauyinsa ya kusa niyuton 5. Muka rataye shi da zare biyu, kowane zare a ƙugiyar sikeli ɗaya. Da zaren biyu suke tsaye gefe da gefe, kowane sikeli ya nuna kusan 2.5, jimlarsu 5, kowa ya gamsu. Muka buɗa su har ma'aunin kusurwa ya nuna digiri 90 a tsakani, sai kowane sikeli ya haura zuwa kusan 3.5. Da muka kai digiri 120, kowane sikeli shi kaɗai ya nuna kusan 5, wato cikakken nauyin ƙarfen. Karatun bai zo cif-cif ba, domin sikelin da aka karkata yana ɗan cijewa a ciki kuma hannun ɗalibi yana rawa, amma bambancin bai kai ya ɓoye abin da ke faruwa ba.

Ɗalibar nan da ta ce na ce a haɗa ita ce ta ɗaga hannu a kan karatun digiri 90. Ta ce, "Malam, 3.5 da 3.5 ai 7 ne, ƙarfen kuma 5 ne. Ina sauran biyun suka tafi?" A ganina wannan tambaya ta fi duk abin da na rubuta a allo a makon baya amfani, shi ya sa na tsayar da komai muka zauna a kanta. Na ce wa masu riƙe da sikelin su faɗa mana ina hannunsu yake ja. Suka ce sama. Na ce su ƙara lura. Na dama ya ce sama da kuma dama, na hagu ya ce sama da kuma hagu. Muka zana kowane ja a allo a matsayin kibiya mai karkata, muka raba ta kaso biyu, na tsaye da na kwance. Kowane zare ya karkata digiri 45 daga tsaye, don haka kasonsa na tsaye shi ne 3.5 sau cos 45, kusan 2.5, na kwance ma kusan 2.5. Kason tsaye biyu suna fuskantar sama tare, sun taru sun ba da 5, su ne suke riƙe da ƙarfen. Kason kwance biyu kuwa ɗaya yana dama ɗaya yana hagu, suna ja-in-ja da juna, sun kashe juna. Babu ƙarfin da ya ɓace, wani sashe ne na wahalar kowannensu yake tafiya wajen jayayya da ɗan'uwansa maimakon ɗaga kaya.

Nan take wani ɗalibi ya kama mu da wata tambayar, ya ce idan kason tsaye 2.5 ne, na kwance ma 2.5, ai sun zama 5, alhali sikelin 3.5 ya nuna. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin kuskuren farko ne ya dawo da sabuwar riga, kuma a wannan karon 'yan ajin ne da kansu suka ba shi amsa: kason biyu ba alƙibla ɗaya suke ba, kusurwar 90 ce tsakaninsu, don haka Fitagoras za a kira, tushen 6.25 da 6.25 a tare kuwa kusan 3.5 ne. Da wannan muka koma kan bokiti muka lissafa abin da kowane mai riƙe da igiya ya ɗauka. Suna kafaɗa da kafaɗa niyuton 50 ne, a digiri 60 ya zama 57.7, a 90 ya zama 70.7, a 120 ya zama 100, a 160 ya kusa 288, a 170 kuwa ya kai 574, wanda ya zarce nauyin buhun siminti mai kilogiram 50. Idan igiyar ta miƙe sarai babu sauran kason tsaye ko kaɗan da zai riƙe bokitin, shi ya sa samarin nan huɗu suka kasa, kuma da an ƙara musu wasu huɗu ma igiyar ce za ta tsinke kafin ta miƙe.

Sai a darasi na uku muka dawo kan 30 da 40, kuma har a lokacin na hana a taɓa kalkuleta. Kowa ya ɗauki rula da ma'aunin kusurwa, muka amince santimita 1 ta tsaya a madadin niyuton 10. Daga ɗigo ɗaya suka ja layi mai santimita 3 da wani mai santimita 4, suka cike siffar mai gefe huɗu ta yadda kowane gefe yake tafiya daidai da wanda yake fuskanta, sannan suka auna layin da ya ratsa ta daga ɗigon farko zuwa kusurwar da ke can gaba. Na raba ajin layi-layi, kowane layi da kusurwarsa. Masu digiri 60 suka samu kusan santimita 6.1, masu 90 suka samu 5, masu 120 suka samu 3.6. A digiri 0 layukan sun hau kan juna sun ba da 7, a 180 sun juya wa juna baya sun bar 1. Da muka jera amsoshin a allo, 70, 61, 50, 36, 10, kowane rukuni ya ga kuskurensa a zaune a wani gurbi: masu 70 sun amsa tambayar digiri 0 ce, masu 50 ta digiri 90, masu 36.1 kuma ta digiri 120. Zanen ya kuma warware rikicin alamar nan, domin a cikin alwatikar da layin ratsawar ya yanka, kusurwar da take fuskantarsa ba 60 ba ce, 180 ne a cire 60, wato 120, kuma cos 120 shi ne −0.5, ragewa ta haɗu da ragewa ta koma tarawa. Ƙa'idar malamin lissafi da tawa ɗaya ce, kusurwar da kowa yake nufi ce ta bambanta.

Na faɗa musu cewa hanyar da suka bi ita ce hanyar da ilimin kansa ya biyo. Simon Stevin, ɗan birnin Bruges da ke ƙasar Beljiyam ta yau, ya wallafa aikinsa a kan daidaiton nauyi a 1586, kuma hujjarsa zane ce ta sarƙar ƙwallaye 14 da aka rataya a kan alwatika mai gangare biyu. A 1687 Aizak Niyuton ya kawo ƙa'idar layin ratsawar nan a littafinsa Principia, nan da nan bayan dokokinsa uku na motsi, shi ma da zane ya bayyana ta. Na kawo musu wannan ne don kada su ɗauki rula da fensir a matsayin aikin waɗanda lissafi ya gagara.

Bayan haka ne muka yi lissafin da alƙalami: 900 da 1600 da 1200 sun ba da 3700, tushensa 60.8. Don gano alƙibla muka raba niyuton 40 ɗin kaso biyu. Wanda ya bi layin niyuton 30 shi ne 40 sau cos 60, wato 20, ya taru da 30 ya zama 50; wanda ya tsaya a kansa kuwa 40 sau sin 60 ne, wato 34.6. Raba 34.6 da 50 ya ba da 0.692, kusurwar da tan ɗinta ya kai haka kuma digiri 34.7 ce daga layin niyuton 30, ta ɗan zarce rabin 60 saboda ƙarfin gamayya yana karkata wajen wanda ya fi ƙarfi. Na nace a kan wannan hanya ta rarraba kaso domin ita ce take ci gaba da aiki idan ƙarfin ya wuce biyu. Muka gwada da ƙara na uku: 30 yana gabas, 40 yana digiri 60 daga gabas zuwa arewa, 20 yana yamma. Na kwance ya zama 30 da 20 a cire 20, saura 30 wajen gabas, na tsaye yana nan 34.6 wajen arewa, ƙarfin gamayya ya fito niyuton 45.8 a kusurwar digiri 49.1 daga gabas zuwa arewa.

Daga ranar na kafa sharaɗi biyu ga duk aikin da za a kawo mini. Na farko, kafin kowane lissafi sai an yi ɗan zane ko da ba da rula ba, an kuma rubuta a gefensa iyaka biyu da amsar ba za ta fita daga cikinsu ba, wato bambancin ƙarfin biyu da jimlarsu, tare da faɗin ko amsar za ta haura ta digiri 90 ko za ta gaza ta. Na biyu, duk mai kalkuleta ya fara danna cos 60 ya tabbata 0.5 ya gani. Ni ma na daina cewa "a haɗa", na koma cewa "a nemo wakilinsu".

Bayan mako uku na sake gwada su ba tare da sanarwa ba, da lambobi dabam, niyuton 5 da niyuton 12. Tara lambobi kai tsaye ya kusa ɓacewa daga ajin, kuma waɗanda suka yi kuskuren alama sun kama kansu da kansu, na ga inda suka soke amsa suka sake bayan sun gwada ta da zanensu. Abu biyu dai sun ƙi tafiya. Da yawa har yanzu suna tsayawa da zarar sun samu girman ƙarfin, su manta da alƙiblarsa, abin da zai ci musu maki a tambayoyin rubutu na WAEC ko da lambarsu ta yi daidai. Sannan da na zana kibiyoyin ta yadda kan ɗaya ya taɓa wutsiyar ɗaya, maimakon su tashi daga ɗigo guda, wasu daga cikin masu ƙwazon ma sun ɗauki kusurwar cikin alwatikar suka saka ta a ƙa'ida mai alamar tarawa. Wannan na biyun ya nuna mini cewa zanen mai gefe huɗu ya zauna musu amma na alwatika bai zauna ba tukuna, don haka na nemi malamin lissafi mu daidaita makon da zai koyar da ƙa'idar kos da makon da zan shiga daidaiton ƙarfi uku, na kuma ajiye bokitin da igiyar a ɗakin gwaji, domin nauyin bokitin da jan igiyoyin biyu su ne gefe uku na alwatikar da za mu zana a darasin.